Faɗan Bayan Labulen Gado Na Shida

"Daga gidanku ta kwaso! Kai an ciro maka tsakuwa, yayanka ma an ciro masa. Ku ƙodarku sai ka ce wurin fasa dutse."

"Ke kuma wa ya ce ki dinga cika mata jaka da lemon kwalba da kayan gishiri? Yaushe rabon da ki ga ta sha ruwa?"

Nas ta tsaya a bakin labulen gado na shida da takarda a hannu. Yau ta dawo daga hutu, tun safe kuma ba ta zauna ba, ƙafafu har sun kumbura. Abu ɗaya take nema: sa hannun uwa ko uba. In ƙarfe huɗu ta buga babu shi, za a ɗage aikin ciro tsakuwar zuwa makon gobe. Yarinyar shekararta tara, fayil ya ce da kuka take fitsari.

"Ruwa? Ka taɓa leƙa banɗakin makarantarsu? Ƙin sha take don kar ta shiga. Da kana zaman gida ai da ka sani."

"To, an fara."

Nas ta jingina da bango, ta zaro biro, ta hau rubutu a bayan takardar: ciwon yana dangin uba, gishiri, lemo, ƙin shan ruwa, riƙe fitsari. Kwana uku likita yana neman wannan bayani bai samu ba, ga shi faɗa ya kawo shi a ɓagas. Har ta yaba musu a ranta, ko ba komai ba mai katse wani. Maigidan dai da alama mura yake yi.

"Ina da aiki, Maman Auta. Ke ki zauna da ita."

"Ni wasa nake zuwa yi? Ni na kawo ta, kai ka zauna."

Huɗu saura minti goma. Nas ta yi gyaran murya, ta yi sallama. 

"Ku yi haƙuri, ɗayanku ya sa min hannu, sai ku ci gaba."

Ta ja labulen.

Kujerar mai jinya na kife jikin bango tun sharar jiya. Yarinyar ce zaune a tsakiyar gado ita kaɗai, da robar ƙarin ruwa a hannu.

"Auta, ina suke?"

Yarinyar ta saukar da haɓa, ta ɗaure fuska, ta shaƙe murya irin ta babanta, sai ga muryar nan mai mura da nas ta gama ji.

"Mun ɗan fita."