Ƙanen da Ya Shiga Mota a Shafi na Arba'in

Editar da tsohon malamin ya ɗauka ta turo masa tarihin rayuwarsa a kan tebur, duk ya sha jan biro.

"Baba, saura gyara ɗaya. A shafi na arba'in ka saka ƙanenka a mota, ka ce kar ya dawo sai ya yi hankali. Na bi littafin har ƙarshe, ban ga inda ya sauka ba. Mai karatu zai tambaya."

Wata shida tsohon malamin yana karɓar gyaranta. Ta yanke babi biyu, ta rage masa yabon kai, bai ce uffan ba.

Ya cire tabarau, ya rufe shafin.

"Bar shi haka, 'yata. Ni ma shekara hamsin ke nan ina tambaya."