Allon Bakin Gada

An yi wani mai fenti a wani gari na bakin titi, wanda ya shekara talatin yana yi wa manyan motoci rubutu a goshi da baya. Harafinsa ba ya fita tsirara. Sai ya yi masa jela, ya ɗora masa rawani, ya shimfiɗa masa inuwa, in wuri ya ragu ya dasa fure. To, a mashigar garin akwai wata kwana mai gangarawa kan ƙaramar gada, inda motoci suka saba sauke kaya ba tare da an nemi 'yan dako ba. Da abin ya kai ga karyewar ƙafafu, mai unguwa ya ce a kafa allon gargaɗi. Mai fenti ya zuba basira: launi huɗu, layi biyar, har da yi wa baƙo barka da zuwa. Duk wanda ya zo a ƙafa ya tsaya ya yaba. Ba a yi mako ba wata motar albasa ta kwanta a gindin allon. Da aka ciro direban, mai fenti ya tambaye shi ko bai ga rubutu ba, sai ya ce, "Na gani mana, Baba. Na ɗauka tallan gidan biki ne."

Maganar ta tsaya wa mai fenti a rai. Washegari ya roƙi wani direba ya ɗauke shi a gidan gaba, suka taho da gudun da aka saba. Shi da ya rubuta allon da hannunsa, abin da ya iya gani kawai wani abu mai kama da zanen atamfa ya wuce. Ya sauka, ya kankare furen. Ya sake hawa, ya dawo ya yanke jelar. A hawa na uku ya tuɓe rawanin, a na huɗu inuwa ta tafi, a na biyar barka da zuwa ta bi ta, don ya lura mai gudu ba ya amsa gaisuwa. Sau bakwai yana wannan jigila, yana cire abin da ya fi ƙauna, har allon ya koma kalma biyu, baƙi a kan rawaya: RAGE GUDU. Kowane harafi kauri ɗaya daga sama har ƙasa kamar taɓarya, tsaye, da fili tsakaninsa da ɗan'uwansa. Masu yabon dā suka zo suka duba, suka yi ta yi wa juna jaje, wai tsufa ya cinye hannun malam. Shi kuwa yana zaune a rumfarsa yana wanke buroshi, kunnensa na can bakin kwana, inda tun daga nesa ake jin manyan motoci suna taka birki ɗaya bayan ɗaya. Albasa kuwa ta koma isa kasuwa a cikin buhunta.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.