Shatin Yatsun Hagu

Ku zauna, ku kife wayoyin nan. Abin da ya tara ku zai jira. Ku fara jin wannan, kuma kada wanda ya katse ni.

A saman wani shagon gyaran firji akwai ɗakin da wata mace ke koya wa mata judo, kokawar nan ta kama ka yar. Ɗalibanta Anti suke ce mata. Dokarta ba ƙarfe, ba inji. Jikinki shi ne kayan aikinki, kuma ranar da kika fara sai kin faɗi da bakinki inda kike so jikin ya kai. Wata ta ce tumbi take so ya sauka, wata ta ce baƙar ɗamarar gwanaye take hange.

Rannan wata tela ta hawo, siririya, da guntayen zare maƙale a rigarta.

"Ina so in tsuguna har ƙasa, dugadugaina a kafe, in miƙe da wanda ya fi ni nauyi," ta ce. "Kuma in namiji ya faɗo kaina, in zame daga ƙarƙashinsa ban karya masa hannu ba."

Mata suka kwashe da dariya. "Haba Tela, ki karya mana! Me aka gina asibiti ya yi?"

Anti ba ta yi dariya ba, don ta ga damtsen Tela. Shatin yatsu ne kwance a kai, ya yi baƙi. Wadda ta girma tana kama mutane ana kama ta, karanta shati take yi yadda mahauci ke karanta nama. Hannun namiji ne, na hagu. Kuma ba tura ta ya yi ba, ƙasa ya ja ta.

Aka shiga horo. Tela ta jingina da bango a tsugune har cinyoyinta na rawa. Ta miƙe ƙafa tana neman yatsunta, jijiya na ƙara kamar tsohuwar igiya. Ta kwanta rigingine tana banƙaro ƙugu sama, wata ƙatuwa a kanta. Da ƙafa ta yi ƙwari, sai ta riƙa goya ƙatuwar tana hawa matakalar bene da ita. Ba ta fashi, ba ta ƙorafi.

Matsala ɗaya ce. In aka zo darasin yarwa, sai Tela ta ɗaga abokiyarta ta sauke ta a hankali kamar ƙwai.

"Ba rarrashi na ce ba! Buga ta da ƙasa!"

"Saukewa nake so in iya, Anti."

Tsohon shati na dushewa, sabo na fitowa, kullum na hagu. Anti ta ja ta gefe. "Maigidan fa?"

"Direban tirela ne. Yana hanya."

Yana hanya, amma yatsunsa na gida? Anti ta sake duban damtsen. Ta san irin matan nan masu rufa asirin gida. Ta taɓa koyar da wata da ta yi ta cewa ƙofa ce ta buge ta, har ranar da aka fitar da ita a makara. Tun daga lokacin ta rantse ba za ta sake zura ido ba.

Sai ga Tela da ƙulu a goshi. Ta ce zamewa ta yi a banɗaki. Ranar da aka tsayar don gwada ta kuwa, ba ta zo ba. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka.

Anti ta sallami ɗalibai da hantsi, ta rufe ɗaki. Ta tarar da shagon ɗinkin Tela a garƙame. Mai kanti na kusa ya nuna mata gida.

Ƙofa a sakaye take. Tun daga bakinta ta ji abu ya faɗi tim. Sai gurnanin namiji, maganar da ba ta fita, sai muryar Tela: "A hankali, don Allah, a hankali."

Anti ta banka ƙofar.

A bakin banɗaki, kan jiƙaƙƙen siminti, mutum ne kife a kan Tela, hannunsa na hagu ya nutse a damtsenta. Anti ba ta tsaya sallama ba. Ta cafki wuyan hannun ta murɗa, saura ƙiris ta ji ƙas.

"Anti, sake shi!"

Ta saki, don abin da ta riƙe bai fi kara kauri ba.

Tela ta banƙaro ƙugu, ta zame gefe, ta tsuguna har ƙasa, dugadugai a kafe. Ta zura hannu ƙarƙashin hammatarsa, ta ja numfashi, ta miƙe da shi cak. Hannunsa na dama na lilo, ƙafar dama na jan ƙasa, farin gemu ya jiƙe da yawu, hannun hagun nan ya ƙanƙame ta don kada ya sake faɗuwa. Ta kai shi gado ta sauke a hankali, ta gyara masa riga, ta durƙusa. "Sannu, Baba."

A gaban idona aka yi wannan, ni mahaifiyarku, ina kan kujera da gwiwoyin da ko ni kaina ba sa ɗauka. Mai hannun hagun nan ubanku ne, Tela kuwa matar autanku ce, wadda kuka yi gayya yau ku hana ta zuwa "wasan maza", to ku yanke kafin ku tashi: a cikinku wa zai riƙa ɗaga shi daga gobe?