Littafin Malam Muttaka na Bakwai

Motar Farfesa Brandau ta tsaya inda ta saba, a wata rumfar shayi kafin shingen da ba mai wuce shi zuwa Makka sai Musulmi. Shekara goma sha tara ke nan Bajamushen bai taɓa gota nan ba. Asiya ce ƙafarsa, ita ce idonsa.

Aikinsa tarihin ilimin zamantakewa: wa ya fara nazarin zaman jama'a, a ina, yaushe. Sunansa ya fito ne da gano Malam Muttaka, kakan Asiya, mazaunin unguwar Tandabawi a Makka tun zamanin zuwa hajji a ƙafa, wanda ya bar littattafai shida na ajami kan yadda baƙo ke zama ɗan gari. Farfesa ya ce ko a Jamus irin wannan basira sai an tona. Abokan aikinsa suka yi ta masa dariya, ya toshe kunne, har ya rasa kujera a wata babbar jami'a saboda taurin kai.

Farkon haɗuwarsu, Asiya tana ɗaliba, ta miƙa masa ɗan rubutunta kan unguwar. Bai ko buɗe ba. Ya ce, cikin ladabi, shi da matattu yake hulɗa. Bayan wata uku ta zo masa da labarin akwatin kakanta.

Yau ta same shi ya rame.

"Malama Asiya, likita ya ce ba zan ga baɗi ba. Littafi na shida ya tsaya a tsakiyar magana. Ki taimaka ki sake duba akwatin. Ina so in ji inda Malam ya ƙare kafin in tafi."

Ta kasa haɗa ido da shi. Nadama ta cika ta, irin wadda istigfari ya kasa wankewa. Ta buɗe baki, sai ta ga yadda ya rungume jakar takardun a ƙirji.

"Tayyib, Duktur," ta ce. "In sha Allahu."

Da ta koma Tandabawi ta kulle ƙofa, ta dafa baƙin shayi mai kauri, ta bar shi ya huce, ba don sha ba, don rina takarda ta yi kama da tsohuwa. Ta nemi gafarar Allah da ta kakanta. Sannan ta ɗauki alƙalami ta fara rubuta wa Malam Muttaka littafi na bakwai, kamar yadda ta rubuta masa sauran shidan.