Hannun Mai Ɗori

A wani ƙauye da ke bakin hanyar kasuwa an yi wata mata mai ɗori, wadda ta gaji sana'ar a wurin kakarta. Mata da yara take yi wa. Duk wadda ta karye, ko ta yi targaɗe, ko ƙashinta ya goce, gidanta ake nufa da ita, a kan jaki ko a amalanke. Ɗori kuwa ba tofi kaɗai ba ne. Sai an kama gaɓar da ta karye an ja ta da ƙarfin gaske, har bakin ƙashi ya sadu da ɗan'uwansa, sannan a jera karare a ɗaure. Wajen wannan jan hannunta ya yi suna, har ana cewa in ta ja sau ɗaya ba ta maimaitawa.

Halinta ɗaya ne ya cuce ta, kuma ba wanda zai kira shi aibi. Ba ta iya cin abinci mai jira yana kallo. Rumfar da take aiki ba ta rabuwa da mutane tun hantsi, a nan kuma ake kawo mata akushinta. Da ta buɗe sai idonta ya faɗa kan waɗanda suka taso daga nesa, leɓunansu sun bushe, ta ce musu bismillah. Kafin ta kwance wani ɗauri ta wanke hannu, an suɗe akushin. Sai ta kurɓi ruwa, ta jefa ɓarin goro a baki, ta ce ta gaba ta miƙo ƙafa. Ranar Juma'a ma, da sauran masu sana'a ke shan iska, ita ce ranar da gidanta ya fi cika, don kowa ya san bakinta ba ya iya cewa a dawo gobe.

Wata rana yayarta ta zo ganin gida, ta zauna tana kallonta har azahar ta wuce.

"Ko jakin 'yan itace ana sauke masa kaya a ba shi harawa," in ji yayar. "Shiga ɗaki ki ci, ki kishingiɗa. Su jira."

"Yaya, karaya ba ta jira."

"Naki ƙashin fa, a maƙera aka yi shi?"

Mai ɗori ta yi dariya, ta ci gaba da naɗa tsumma.

Jikin bai rushe rana ɗaya ba. Zanenta ya fara yi mata yawa. In ta miƙe daga tsugunno sai ta dafa gini kafin jiri ya sake ta. Da safe yatsunta kan yi nauyi kamar na aro. Kukan yaro, wanda a da yake sa ta rarrashi da waƙa, ya koma mata kamar ƙarar injin niƙa, so take kawai ya tsaya. Ta lura da wannan duka, ta ce wa ranta sai bayan kaka, in mutane sun ragu, za ta huta.

Ana tsakiyar damina aka kawo wata Bafillatana mai tallar nono, wadda santsi ya kayar a bakin rafi, ƙwaurinta ya karye. Abincin matar nan a ƙafarta yake, don kullum daga ruga take takowa zuwa gari da ƙwarya a ka. La'asar ta yi, mai ɗori ta riga ta sallami mutum tara, ba komai a cikinta sai goro. Da ta shafa ƙafar ta ji irin karayar, ta san wannan jan yana son hannu mai ƙarfi, ta kuma san yau nata ba shi da shi. Da ta ce a ba ta sa'a guda ta ci ta huta, ba abin da zai ɓaci. Amma matar na nishi, danginta sun zuba ido. Sai ta kama, ta ja. Hannun ya gaza a tsakiyar jan, duhu ya gilma mata a ido. Ta ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin fata, ta gaya wa kanta ƙashi ya zauna, ta ɗaure.

Bayan kwana arba'in aka kwance. Ƙashin ya haɗe, amma a karkace, ƙafar ta gaza 'yar'uwarta da yatsa uku. Bafillatanar ta daɗe tana duban ƙafarta, sannan ta ce, "Inna, haka Allah ya rubuta. Na gode." Da zagi ta yi, da ya fi sauƙin ɗauka.

Da lokacin kakar da mai ɗori ke jira ya zo, a kwance ya same ta, ciwo ya kayar da ita. Ko da ta tashi, hannun nan bai ƙara ɗaga abin da ya fi buta ba. Waɗanda suka karye sai a wuce ƙofarta da su zuwa wani gari mai nisan yini. Ita kuwa ran kasuwa takan zauna a inuwar zaure, ta hangi Bafillatanar tana ɗingisowa da 'yar ƙaramar ƙwarya, lokacin da masu sayen nono sun riga sun watse. In ta iso sai ta tsaya, ta gaishe ta da ladabi, ta tambaye ta jiki, ta wuce.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.