Tafin Ƙafar Magini

"Ni da sankarar fata? Sai dai ta gan ni ta canza hanya!" Haka wani magini yake faɗa kullum a bakin kasuwa, yana dukan ƙirji. Baƙi ne wuluk kamar gindin tukunya, kuma tunda aka haife shi bai san kuɗin takalmi ba. Da ƙafa yake kwaɓa ƙasar gini, da ita yake ci da iyalinsa. In ya shiga laka yana tattaka ta da ramno, ciyawar da ake cakuɗawa da ƙasar gini, sai ka rantse rawa yake yi. Inda ya samo wannan cika baki kuwa, wata rana ce ya ji likita a rediyo yana cewa ciwon ya fi yawa a ƙasashen fararen fata masu kwanciya a rana, a nan wajenmu kuma zabiya ya fi kamawa. Bai tsaya ya ji ƙarshe ba. Ya kashe rediyo, ya fita da gudu yana shela cewa an wanke baƙaƙe, fatarsu sulke ce! Tun daga nan maƙwabcinsa, wani zabiya mai saƙar tabarma, ya shiga uku. Bawan Allah ba ya fita sai da malafa da riga mai dogon hannu, kuma yakan je asibitin birni a duba masa wuya da kunnuwa. Magini sai ya lallaɓo ta baya ya fizge malafar, ya rataye ta a reshen darbejiya, ya ce wai a bar rana ta gasa shi ko ya nuna. Mutane su yi ta dariya. Zabiya ya sa gora ya sauko da abarsa.

To, ashe akwai abin da magini ke ɓoyewa. Wani baƙin tabo ne ya fito masa a tafin ƙafa, kusa da diddige. Da fari kamar ƙwayar gero, ya ce kaushi ne. Ya kai girman wake, ya ce ƙaya ce ta karye a ciki. Da ya fara faɗi, gefensa ya yi kaca-kaca, yana tsattsafo da jini, sai ya koma cusa masa toka yana shafe shi da laka. Ya daina alwala a ƙofar masallaci, sai a bayan gida. In ɗingishi ya kama shi a hanya, sai ya mai da shi taku, har yara suna kwaikwayo. Yaya za a yi mai sulke ya je ya bi layi ɗaya da wanda yake wa ba'a? Gara ƙafar ta yi ta ci.

Ana nan sai zabiya ya kira gayyar gina ɗaki. Gari ya fito, ga makaɗi, ga kunu a ƙwarya, mata na guɗa ta kan katanga. Magini ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar laka, ya cije leɓe, ya yi ta kirari yana tattakawa, ana zuga shi: "Sai kai, gwanki! Sai kai, na gaban rana!" Kafin la'asar bango ya tashi. Abin da ya manta shi ne al'adar garin: in an tashi daga gayya, masu kwaɓi kan jeru a kan kututture, mai ɗaki ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tulu, ya wanke musu ƙafa da hannunsa, godiyarsa ke nan. Wanda ya ƙi kuwa, ya zagi gidan. Magini ya ce ana jiransa. Aka riƙe shi. Ya ce cikinsa na murɗawa. Samari suka ɗauke shi cak suka dire a kan kututture, ana shewa, an ɗauka wani sabon wasan ne. Zabiya ya durƙusa, ya kama diddigen, ya kwara ruwa. Laka ta zube, toka ta bi ta. Sai ga abu baƙi ƙirin, ya kai faɗin bakin kofin shayi, yana jini a gaban kowa. Makaɗi ya saki gula. Guɗa ta tsaya a maƙogwaro.

Zabiya ya daɗe yana kallo, bai saki ƙafar ba. Ya ce, "Maƙwabci, rabin labari ka ji. Mu a wuya da fuska sankarar take kama mu. Ku kuma sai ta bi inda ba ku dubawa: tafin ƙafa, ƙarƙashin farce, tsohon gyambo. A layin da nake bi na ga baƙaƙe biyu irinka. Wanda ya zo da wuri, da ƙafarsa ya koma gida. Ɗayan da sanda." Magini ya dubi jama'a, ya dubi ƙafar da ke ciyar da 'ya'yansa, gumi na karyo masa. Bakin nan da ya cika kasuwa ya koma kamar na ɗan tsako, ya ce, "Malam, motar birnin, da sassafe take tashi?" Zabiya ya cire malafarsa ya kifa masa a ka, ya ce, "Riƙe wannan, layin a rana yake."

Ka ji, ɗan'uwa. Kai ma da kake cewa ciwon wasu ne, in ka koma gida ka juya tafin ƙafarka ka duba, kada sai an juya maka shi a bainar jama'a. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.