Ɗigo Uku a Kan Rairayi

Karo na huɗu ke nan Ba'ana yana shimfiɗa farin rairayi a ƙarƙashin motar Alhaji Maikuɗi. Haka ubangidansa na kanikanci ya koya masa: in ka gama gyaran hanyar mai, ka baza busasshen rairayi, ka tafi salla, ka dawo ka duba. Rairayi ba ya rufa wa bakanike asiri.

Kwana uku yana dawowa daga masallaci ya tarar da abu biyu suna jiransa: kwanon abincin da mahaifiyarsa Ya Kaltum take kawo masa tun daga unguwar Mafoni, da ɗigon fetur a ƙarƙashin tanki.

Ya sauya bututun. Ya kwance kafireto ya wanke. Ya goge bakin tankin da sabulu, ya bi kowane noti da ɗan yatsa yana shinshinawa. Ko'ina a bushe. Amma in an sallame azahar, ɗigon yana nan, kamar an aiko shi.

Motar nan kuwa maniyyata arba'in za ta ɗauka ta hanyar Sudan, kuma Alhaji ya yi alkawarin tafiya da shi a matsayin bakaniken hanya, har Makka. Ba'ana ya daɗe yana roƙon Allah wannan tafiya. Ita ce hanyar da mahaifinsa ya bi tun Ba'ana yana goye, shekara ashirin da shida ke nan, ko wasiƙa ba a gani ba.

Ran Alhamis da hantsi Alhaji ya zo, babbar riga tana jan ƙasa. Ya ce maniyyata sun gaji da kwana a tasha, kuma ba zai shiga daji da mota mai yoyo a wannan zafi ba.

"Malam Ba'ana, in na sake ganin ɗigo yau, Pindar bakanike zan kira. Shi zai gyara, shi zai tafi."

Ba'ana ya ce to.

Da aka kira salla, bai fita daga ƙarƙashin motar ba. Ya nemi gafarar Ubangiji, ya ce zai yi in ya gama, ya ƙara kutsawa can bayan taya, ya kafe tankin da ido. Ƙarfe a saman hancinsa, ƙasa tana gasa masa baya, ba damar juyi. Gumi ya cika masa kunne. Yana jin takun mutane yana nisa, har garejin ya yi tsit.

Tankin bai ko yi danshi ba.

Can sai ga wasu ƙafafu sun tsaya daidai gindin motar. Aka durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara. Wani hannu ya miƙo da 'yar kwalbar turare, ya karkata ta a kan rairayin. Ɗaya, biyu, uku. Warin fetur ya bugi Ba'ana, ya yunƙura zai cafke hannun, sai ya ji ana raɗa da Barbarci.

"Allah ka yafe mini. Hanyar nan ta ci uban, ba zan ba ta ɗan ba."

Ba'ana ya mayar da hannunsa kan ƙirji, ya riƙe numfashi, don kada mahaifiyarsa ta san ya ji.